Kifin Yakaka

A kasuwar kifi ta Haɗeja, idan dillali ya buɗe kwali ya ce, "Wannan na Yakaka ne," to ciniki ya ƙare, sai dai a shiga maganar mota. Babu mai tsayawa ya karya tarwaɗa don ya leƙa cikinta. Fataken kudu sun san bandar matar nan tana yin wata da watanni ba ta yi fumfuna ba, ba ta yi tsutsa ba, ko da an ɗaure ta a bayan babbar mota rana tana dukanta. Yawancinsu ba su taɓa ganin Yakaka ba. Sunan kawai suka sani, kuma ya ishe su.

Ita kuwa tana can wani ƙauye a ƙasar Guri, inda ruwa kan cika fadama da damina, ya ja baya da kaka ya bar wa mutane kifi da laka. Doguwar mace ce mai tsagar Barebari a kumatu, mai murya kamar tana kiran wani a tsallaken kogi ko da kana tsaye a gabanta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata sun yi aure sun watse. Gidan ya rage daga ita sai ƙanwarta Bintu, sai murhunan banda da ke jere a tsakar gida, baƙi ƙirin da su.

Bintu ta zo gidan ne bayan ta fita takabar nata mijin, da ɗanta Abdulwahid a goye. Aka ce ta ɗan zauna ta huce. Yaron ya girma a nan, ya koyi gyaran injin ban-ruwa, ya koma Kaugama ya yi aure, uwar tana nan inda aka ajiye ta. Duk abin da ke da ƙarni ko nauyi a sana'ar nata ne. Ita ke farke cikin kifi ta wanke, ita ke lanƙwasa tarwaɗa ta soke ta da tsinke, ita ke faskaren gabaruwa, ita ke jerawa a kwali. Abu ɗaya ne bakinta bai isa ya shiga ba, wato cewa kifi ya yi a sauke shi daga wuta. Wannan na Yakaka ne ita kaɗai.

Sauran masu banda sukan ɗauki kifi su matsa shi da babban yatsa, su shinshina, wasu har su karya ɗaya su gani. Yakaka ba ta yin haka, raina masu yi ma take. Takan tsaya nesa da murhu, hannu a ƙugu, ta dubi launin fatar da ƙyallin man da ya tsattsafo, ta ce, "Na gefen dama ya yi, na tsakiya a ƙara masa." Kuma ba ta kuskure. Idan wata maƙwabciya ta shigo ganin aiki ta kai hannu kan raga, sai ta ji daga sama, "Ke, mangwaro kika zo saye? Kifi da ido ake sanin sa." Gaskiya Allah ya ba ta. Amma ita ma ta san ya ba ta, kuma a nan lamarin ya ɓaci.

Shekaru da hayaƙi suka yi nasu aikin. Da farko zura zare a allura ya gagara, ta ce alluran yanzu ne ba su da kafa. Daga nan fuskokin mutane suka fara dushewa, ta koma gane su da murya da takun ƙafa. Yanar ido ta rufe na hagu, ta fara bin na dama. Rannan Bintu ta yi ƙarfin hali ta ce ko za a je a duba, Yakaka ta taso mata kamar za ta cinye ta ɗanya.

"Wa ya ce miki ina ciwon ido? Ko ke kika zama likita ban sani ba?"

Bintu ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya," ta koma kan kwanon hanjin kifinta.

Abin da Yakaka ke tsoro a fili yake. Idan labari ya kai kasuwa cewa idon nan ya taɓu, za a fara buɗe kwalinta ana tonawa kamar na kowa. Ta ci gaba da tsayawa hannu a ƙugu tana ba da umarni, tana kallon wani abu baƙi-baƙi a cikin hazo tana cewa ya yi. Kuma tun da ba a taɓa dawo mata da kwali ko ɗaya ba, sai ta ɗauki wannan hujja ce cewa har yanzu tana nan da ƙarfinta.

Kullum da safe bayan an karya, takan tafi bakin ruwa inda kwalekwale ke tsayawa, ta yi cinikin ɗanyen kifi, ba ta dawowa sai rana ta take. Wata safiya ta je ta tarar babu kowa. Kacalla, ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa, ta toshe mashigar ƙauyen, masunta duk sun tafi gayyar yankanta. Ta yi tsaki ta juyo gida tun hantsi bai yi zafi ba.

Ta shiga ba sallama, gidanta ne. Tsakar gida tsit, murhunan a kashe, don tun jiya da yamma aka sauke. Amma akwai ƙamshin sabuwar banda, kuma hancinta dai bai mutu ba. Ta bi shi har ƙuryar gida, inda tsohon ɗakin ƙasa yake, wanda ake jibge kwalaye a ciki. An turo ƙyaure, an cusa tsumma a ƙarƙashinsa, an toshe 'yar tagar da buhu. Daga ciki ta ji tari, irin wanda mutum ke danne shi da gefen zane.

Ta kara idonta mai ɗan dama-dama a tsagar ƙyauren. Jan garwashi ta fara gani a cikin rabin ganga, sannan inuwar Bintu a tsugune cikin hayaƙi. Tana ɗauko kifi ɗaya bayan ɗaya daga kwalin da Yakaka ta ce an gama, tana matsawa da yatsa. Wani ta mayar kwali, wani ta ɗora a kan raga. Wanda ke kan raga ya fi wanda aka mayar yawa.

Ba sai an yi wa Yakaka bayani ba. Kifin da take cewa ya yi, ɗanye take saukewa. Bintu ce ke bin bayanta tana ƙarasa shi, kuma ta toshe ɗakin ne don kada hayaƙi ya tashi sama maƙwabta su tambayi wa ke hura wutar banda alhali mai ita ba ta nan. Tun yaushe ake wannan, Allah kaɗai ya sani.

Abin da ya kamata ta yi, ko yaro ya san shi. Ta tura ƙyauren, ta fizge buhun nan daga taga, ta jawo ƙanwarta waje ta sha iska, maganar kifi ta biyo baya. Har ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙyauren. Fushi ne ya fara zuwar mata, wai ita Bintu ce za ta bi aikinta da gyara. Kunya ta biyo baya ta kore fushin. Sannan tsoro ya zo ya zauna. Idan ta buɗe, dole ta ce wani abu, kuma duk abin da ta ce, daga gobe ba ita ce mai tsayawa hannu a ƙugu ba.

Ta janye hannunta. Ta fita a hankali kamar wadda ta shigo sata, ta je bayan gari ta zauna a gindin wata tsamiya har lokacin dawowarta ya yi. Da ta iso, tun daga zaure ta rangaɗa sallama, ta kuma tsaya gyaran takalmin da babu abin da ya same shi.

Bintu ta fito tana goge fuska. "Sannu da zuwa, Yaya. Yau babu kifi?"

"Babu. Kacalla ta tare su. Ke kuma me ya sami muryarki?"

"Barkono na daka."

"To ki riƙa kula."

Haka aka rufe maganar, kuma haka aka ci gaba. Yakaka ta ƙara daɗewa a bakin ruwa. Ko ta gama ciniki sai ta sami kututture ta zauna tana jan mutane da hira, har Shu'ibu masunci ya ce, "Inna Yakaka, ko dai miji kike nema a wajen nan? Ki faɗa mana mu yi layi."

"In miji nake nema, mai ƙarnin kifi zan ɗauka? Wanda nake sha a gida bai ishe ni ba?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. A ranta kuwa auna lokaci take, ko Bintu ta gama, ko ta kashe garwashin. Ta riƙa sayen itace fiye da buƙata, tana sa a jibge rarar kusa da ɗakin ajiya. Ta daina faɗa a kan ƙarewarsa da wuri. Ta sayo zuma da man shanu ta dangwarar gaban Bintu ta ce maganin tari ne. Duk wannan a wurinta kirki take yi, har takan ji daɗin kanta, wai tana rufa wa ƙanwarta asiri. Mutum idan ya so ya yaudari kansa ba ya rasa hanya, kuma Yakaka mace ce mai dabara.

Ba wai ba ta yi niyyar magana ba. Ta ce bari wannan kasuwar ta wuce. Ta wuce, ta ce bari a yi Sallah. Aka yi Sallah, ta ce bari ruwa ya ja baya aiki ya lafa, alhali ta fi kowa sanin cewa idan ruwa ya ja baya ne aiki ke ƙaruwa. Tarin Bintu kuwa ya tashi daga na maƙogwaro ya koma na ƙirji. Ta fara hutawa a tsakiyar faskare. Ta fara yin salla a zaune.

Wata yamma suna cin tuwo a kwano ɗaya, Yakaka ta ji yadda numfashin ƙanwarta ke fita da ƙara kamar ana jan tsohuwar guga. Zuciyarta ta karye. Ta ajiye lomar da ta ɗauka.

"Bintu."

"Na'am, Yaya."

Bintu ta tsayar da hannunta a cikin kwano tana jira. Maganar ta zo har bakin Yakaka, ta ji ɗacinta a harshe. Kaza ta zo ta wuce tsakaninsu.

"Gishiri ya yi yawa a miyar nan."

"To, gobe zan rage."

Da kaka ta kama sosai, ruwa ya janye daga fadama, kifi ya taru a tafkuna, aka yi kamun da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Murhunan Yakaka ba su huta ba, kwalaye suka cika ɗakin ajiya har bakin ƙofa. Ana gobe kasuwa ta dawo daga bakin ruwa, ta yi sallamarta daga zaure. Shiru. Ta sake yi da ƙarfi, ta tsaya tana sauraron tarin da ta saba ji kafin a amsa. Babu tari.

A ranar ta tura ƙyauren. Hayaƙi ya bugi fuskarta, ta shiga tana lalube, ƙafarta ta ci karo da mutum. Bintu na kwance a gefen gangar, da tarwaɗa ɗaya a hannunta. Ihun da Yakaka ta yi, har masu sussukar shinkafa a bayan gari sun ji shi.

Aka sami mota aka kai ta asibiti a Haɗeja, aka kira Abdulwahid ya taho daga Kaugama da baƙin mai a hannunsa. Aka sa mata robar iska a hanci, ta farfaɗo. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a haske yana nuna musu wurare da biro, Yakaka tana gyaɗa kai ba ta ganin komai sai fari. Abin da ta ji shi ne hayaƙi ya ci huhun, wanda ya lalace ba zai dawo ba, kuma kada matar nan ta ƙara zama inda ake hura wuta.

A baranda Abdulwahid ya matso kusa da ita. Yaro ne mai ladabi, a hannunta ya tashi, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba.

"Inna, ni abin da ban gane ba, ga murhu a fili a tsakar gida. Me ya kai ta hura wuta a rufaffen ɗaki?"

Allah ya sake kawo mata dama har inda take zaune. Ta gyara mayafi.

"Ina zan sani? Kai ma ka san halin uwarka, ba ta faɗar abin da ke ranta."

Ya ce, "Haka ne," ya koma ciki. Da aka sallame su, kai tsaye gidansa ya wuce da uwarsa.

Yakaka ta koma ƙauye ita kaɗai. Ta ce aiki ba zai tsaya ba. Ta ɗauki matan maƙwabta su yi mata gyaran kifi, ta hura wuta, ta tsaya inda ta saba ta ce a sauke. Da suka watse, gidan ya yi shiru, ta jawo kujera gaban kwandon kifin da aka sauke. Ta daɗe tana zaune. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki tarwaɗa ta matsa ta da babban yatsa, abin da ba ta yi ba tun tana budurwa. Yatsan ya nutse. Ta ɗauki wata, ita ma haka. Wata kuma ta ƙone har tana marmashewa. Ta bi kwandon nan kaf, ta ware na kirki a gefe, bai cika faranti ba.

Nan ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba. Ba don kifin ba. Sai yanzu ta san yawan aikin da ake yi a ɗakin can, da yawan hayaƙin da mutum zai shaƙa kafin ya gyara ɓarna irin wannan, kowane mako, ita kuwa tana bakin ruwa tana wasa da Shu'ibu. Ta yi ta juya abin ko za ta sami gefen da za ta jingina laifin, ga tsufa, ga ƙaddara, ga zurfin cikin Bintu. Ko'ina ta juya kanta take tararwa.

Da Alhaji Gambo, dillalinta na Haɗeja, ya zo ɗaukar kaya, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Alhaji, babu kaya, kuma ba za a ƙara samu ba. Idona ya daɗe da tafiya. Kifin da kake sayarwa da sunana, aikin Bintu ne."

Ya riƙa juya hularsa. "Subhanallahi. Allah ya sawwaƙe. Amma wace ce Bintu?"

Shekara da shekaru mutumin nan yana shigowa gidan, Bintu na kawo masa ruwa, tana ɗora wa yaransa kwali a ka.

"Ƙanwata ce," in ji Yakaka. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Washegari ta sa aka rushe murhunan, aka fitar da rabin gangar, aka fasa wa ɗakin ajiya babbar taga. Ta sa aka kankare baƙin da ke jikin bango aka yi sabon yaɓe. Sannan ta ɗaure 'yan kayanta ta hau motar Haɗeja, daga can ta hau ta Kaugama, tana tambayar yaran mota ko an iso, don allon hanya ba ya gaya mata komai.

Matar Abdulwahid ta yi mata lale, ta riƙe hannunta ta kai ta ɗakin da Bintu take. Suka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka tambayi ruwa ko ya gama janyewa. Yakaka ta ji gaisuwar na neman ƙarewa, ta san idan ta bari aka shiga wata hirar, to shi ke nan, za ta koma da abinta.

"Bintu, magana na zo da ita. Na san abin da kike yi a ɗakin nan. Ba ranar da kika faɗi na sani ba. Tun ranar da masunta suka tafi yankan kacalla na dawo da wuri, na tsaya a bakin ƙofa na gan ki, na juya."

"Na sani, Yaya."

"Kin sani?"

"Na ji takunki." Bintu ta tsaya ta ja numfashi. "Kuma tun da nake da ke ban taɓa jin kin yi sallama a gidanki ba sai daga ranar."

Yakaka ta ce, "To me ya hana ki yi magana?"

"Ni zan dube ki in ce idonki ya mutu? Ke ce babba." Ta sake hutawa. "Kullum in na ji motsi a tsakar gida sai in ce ga ta nan, yau za ta shigo. Ban taɓa sa sakata ba. Turawa kawai za ki yi."

Babu zafi a muryarta, kuma da akwai da ya fi wa Yakaka sauƙi. Can Bintu ta ce, "Ke me ya hana ki?"

Yakaka ta taho da amsoshi a mota, masu kyau, masu ɗan rufin asiri. Ta neme su ta rasa.

"So nake a ci gaba da cewa kifin Yakaka. Na duba ko akwai wani dalilin, babu. Shi ke nan." Muryar nan da ke kaiwa tsallaken kogi ta koma ƙasa. "Ki yafe mini. Na rushe murhunan, na sa an yi yaɓe, babu sauran hayaƙi a gidan. Ki dawo."

"Kin rushe? To me za mu ci?" Bintu ta fara dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da aka tallafe ta aka ba ta ruwa. Da ya lafa ta ce, "Yafiya na yafe. Amma daga nan zuwa bayan gida sai an riƙe ni, Yaya. Guri ta yi mini nisa."

Sai a lokacin Yakaka ta gane hannun da ya miƙo ruwan na namiji ne. Abdulwahid ya shigo tun ɗazu, ya ji komai. Ta juya wajen da take jin numfashinsa.

"Abdulwahid, ƙarya na yi maka a asibiti."

"Na ji, Inna."

Ya ɗauki kofin ya fita, ta ji ya daɗe a tsakar gida yana wanke shi.

Ta roƙi a bar ta ta zauna jinya, Bintu ta sa baki aka bar ta. Jinyar makauniya kuwa sai a hankali. Ta zubar da kunu, ta ba da maganin safe da rana, ta taka farantin abinci. Matar gidan ta riƙa bin bayanta tana gyarawa, amma wannan karon Yakaka da kanta take cewa, "Zo ki duba, 'yata, na yi daidai kuwa?" Abdulwahid yana gaishe ta safe da yamma, cikakkiyar gaisuwa, ba ragi ba ƙari. Ta san ta rasa wani abu a wurinsa, ba ta kuma nemi a dawo mata da shi ba.

Wata rana Bintu ta kira shi ta ce ya kai yayarta Haɗeja a cire mata yanar nan. Ya kau da kai. Ta ce, "Ni na ce." Ya ce to. Yakaka ba ta yi musu ba. A gaban layin mutane ma'aikaciyar asibiti ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne, ta amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ban gani ba."

Aka yi aikin idon dama, aka rufe shi da auduga, suka kwana a garin. Da aka buɗe, haske ya soke ta har sai da ta riƙe gefen gado. Ta ga layukan tafin hannunta. Ta ga ashe zanen da take ɗaurawa tana cewa shuɗi kore ne. A hanyar komawa ta ga gonakin shinkafa an girbe, ga balbelu fari fat suna bin shanu, ta ga Abdulwahid ya tara gemu har da silin fari a ciki. Duk hanya zuciyarta na gaba, tana ɗokin ta isa.

Ta ɗaga labulen ɗakin ta tsaya. A ranta Bintu tana nan yadda ta bar ganinta, mai kumatu, mai baƙin gashi, mai damatsan da ke raba gungumen gabaruwa biyu. Wadda ke kwance a katifar wata 'yar tsohuwa ce, kai fari, idanu sun faɗa, wuya kamar sillen kara. Ƙanwarta ce, wadda ta goya, amma duk wanda ya shigo zai rantse ita ce babbar.

"Yaya, kun dawo? Ya aikin? Kina gani?"

Yakaka ta saki labulen ta shigo.

"Ina gani."

"To, alhamdu lillahi," in ji Bintu. Ta jawo mayafi a hankali ta rufe hannuwanta, don kada yayarta ta ga yadda suka koma.